Ofishin magatakarda ko sashen harkokin ɗalibai: wane digiri na biyu ya dace da kai a Kano?

Idan ana maganar jami'a, hankalin mutane kan malamai yake tafiya. Amma duk wanda ya taɓa bin layin neman ɗakin kwana, ko ya yi jelen karɓar takardar sakamakonsa, ya san akwai wasu mutanen da makaranta ba ta motsi sai da su. Su ne ke karɓar sunayen da JAMB ta amince da su, su buɗe wa kowane ɗalibi fayil, su rubuta abin da majalisar jami'a ta zartar, su raba gadaje, su kuma zauna da yaron da aka kama da satar amsa. A Kano bukatar irin waɗannan ma'aikata sai ƙaruwa take yi. Ga Jami'ar Bayero wadda ta tsaya da ƙafarta tun 1977, ga Northwest da gwamnatin jiha ta kafa a 2012, ga Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ga makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, ga kwalejin shari'a ta Aminu Kano, sannan ga masu zaman kansu irin su Skyline da MAAUN da KHAIRUN. Kowacce tana da magatakarda, kowacce tana da sashen harkokin ɗalibai.

A Amurka wannan aiki ya daɗe da zama fannin karatu mai zaman kansa. Tun 1937 majalisar ilimi ta ƙasar ta fitar da wata takarda da ta ce aikin jami'a shi ne kula da ɗalibi gaba ɗayansa, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba, kuma yau jami'o'insu da dama suna ba da digiri na biyu a kan gudanar da manyan makarantu da harkokin ɗalibai. A nan gida kuwa, mai son wannan layi yakan samu kansa a gaban ƙofofi uku: M.Ed, wato digiri na biyu na ilimi, a fannin gudanarwa da tsare-tsaren ilimi, ko M.Ed a fannin jagoranci da ba da shawara, ko kuma ɗaya daga cikin digirin ma'aikata irin su MPPA na harkokin mulki da MBA na harkokin kasuwanci. Da yawa suna sayen fom ne saboda abokin aikinsu ya saya, ko don an ce wannan ya fi sauƙin samu. Ni a ganina kafin a kalli kwas, a fara kallon teburin da ake son zama a kai nan da shekara goma.

Teburin farko shi ne na ofishin magatakarda. Ana shigarsa da digirin farko a kusan kowane fanni, da takardar bautar ƙasa. Mutum zai fara a matsayin jami'in gudanarwa, ya hau matakan mataimakin magatakarda ɗaya bayan ɗaya, har ya kai muƙaddashi. Magatakarda kansa yana cikin manyan jami'an makaranta, shi ne sakataren majalisar gudanarwa da majalisar malamai, kuma a jami'o'in tarayya wa'adinsa shekara biyar ne. Tsani ne da ake ganin ƙarshensa tun daga ƙasa. Aikin kuma na takarda ne: rubuta bayanan taro, tsara wasiƙa, sanin dokar da ta kafa makarantar, sanin ƙa'idojin hukumar da ke sa ido a kanta, wato NUC idan jami'a ce, ko NBTE idan foli ce, ko NCCE idan kwalejin horon malamai ce.

Kada wani ya raina wannan aikin na takarda, domin makomar mutane ce a cikinsa. A 1983 an yi tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri, aka kafa kwamitin bincike, aka kori wasu. Ɗaliban suka tafi kotu, magana ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta yanke cewa ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda ya shugabanci kwamitin yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Har yau ana karanta wannan shari'a, kuma darasinta yana kan teburin duk sakataren kwamitin ladabtarwa. Wasiƙar gayyata ta isa hannun ɗalibin kuwa? An faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi a rubuce? Ya ga takardar da aka ce an kama shi da ita? An rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ya sa hannu? Shi malamin da ya kama shi, shaida ne ko alƙali? Jami'in da ya san waɗannan yana kare makaranta daga kunya a kotu, yana kuma kare ɗan talakan da ba shi da kuɗin lauya.

M.Ed a gudanarwa da tsare-tsaren ilimi shi ya fi kusa da wannan teburi. Za a koya maka ra'ayoyin masana kan shugabanci, dokokin ilimi, kasafin kuɗin makaranta, kula da ma'aikata, da lissafin hasashe, wato yadda za ka ƙiyasta ɗalibai nawa za su shigo nan da shekara biyar da yawan ajujuwa da malaman da za su bukata. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai ga mai son sashen tsare-tsaren karatu, wanda shi ke shirya makaranta idan masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka biya kuɗi. Ajin zai cika ne da shugabannin sakandare, da ma'aikatan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da jami'an ma'aikatar ilimi, kuma misalan da za a riƙa kawowa na firamare da sakandare ne. Za ka ji maganar duba malamai a aji fiye da maganar majalisar malamai ta jami'a. Wannan ba aibu ba ne, don haka aka gina kwas ɗin. Kai ne za ka ja shi zuwa inda kake so, kuma igiyar jan ita ce kundin bincikenka. Idan aikinka a jami'a yake, kada ka yarda ka rubuta a kan halin shugabancin firinsifal kawai don kayan aikin suna da sauƙin samu. Rubuta a kan abin da ke jawo jinkirin fitar da takardar sakamako, ko yadda tsarin CAPS na ba da gurbin karatu ta intanet da JAMB ta kawo a 2017 ya sauya aikin ofishin ɗaukar ɗalibai, ko yadda ake rabon ɗakunan kwana. Ranar da za ka zauna gaban masu tantancewa don ƙarin girma, wannan kundin zai yi maka magana.

Teburi na biyu ba shi da tsari mai kyau kamar na farko, kuma shi ya fi damuna. Sashen harkokin ɗalibai a ƙasar nan galibi malami ake naɗawa ya shugabance shi na ɗan wa'adi, ya gama ya koma sashensa. Waɗanda ke dawwama a wurin su ne jami'an ɗakunan kwana, da masu kula da ƙungiyoyin ɗalibai da tura su bautar ƙasa, da masu ba da shawara. Su ne ke ganin abin da ba ya shiga fayil.

A wata kwaleji a nan cikin gari na ga yadda wata jami'a ta karɓi ɗaliba da ta shigo riƙe da takardar neman ajiye karatu. Yarinyar ba ta ko zauna ba, ta miƙa takardar ta ce, "Malama, ni dai a sa min hannu kawai." Matar ta karɓa, ta kife ta a kan teburi ba tare da ta karanta ba, ta tashi ta tura ƙofa, ta jawo kujera gefen teburin maimakon gabansa. Ta ce, "Zauna tukuna 'yata, hannu ba zai gudu ba. Daga ina kike yanzu?" Sai da aka ɗauki lokaci ana shiru, yarinyar tana murza bakin hijabinta, kafin magana ta fito. Ashe aure aka yi mata a hutun da ya wuce, gidan yana can wajen Mariri, lakcar ƙarfe takwas ta gagare ta, ta faɗi kwas biyu, tana kuma jin nauyin faɗa wa maigidan. Matar ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Tambayoyi ta riƙa yi gajeru, tana maimaita mata abin da ta ji don ta tabbatar ta fahimta. Daga ƙarshe suka buɗe littafin dokokin makaranta tare, suka ga tana iya rage yawan kwasa-kwasan da za ta ɗauka a zangon, kuma ko da ajiyewar za ta yi akwai hanyar jinginar da karatu na shekara ɗaya ba tare da ta rasa gurbinta ba. Kife takardar nan, da matsar da kujera, da haƙurin jure shiru, duk koyonsu ake yi. Jami'in da bai koya ba, ko da yana da kirki, zai sa hannu ne ya yi mata fatan alheri.

Wannan shi ne abin da M.Ed a jagoranci da ba da shawara yake bayarwa. Akwai ra'ayoyin masana irin su Carl Rogers wanda ya gina hanyarsa a kan sauraro ba tare da yanke wa mutum hukunci ba. Akwai gwaje-gwajen gano hali da basira, da shawara kan zaɓen sana'a, da zama da rukuni, da ladubban riƙe sirri. Abin da ya bambanta shi da sauran kuwa shi ne aikin gwaji: dole ka je wata makaranta ko cibiya ka zauna da mutane na gaske, ka rubuta rahoto, malami ya duba ya gyara maka. Fannin yana da ƙungiyarsa, CASSON, wadda ta samo asali tun 1976, sannan a 2022 an sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan sana'a rajista. Ke nan ya fara zama sana'ar da ba kowa zai wayi gari ya ce shi ma yana yi ba.

Bukatarsa a Kano ba sai an yi dogon bayani ba. Mun ga yadda shan maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a tsakanin matasa maza da mata har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi a 2018, kuma hanawar ba ta kawar da sauran ƙwayoyin ba. Mun ga ƙarin kuɗin rajista na 2023 ya tsayar da karatun yara da yawa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024, amma sai an samu wanda zai zauna da ɗalibi ya warware masa abin da ke ciki, har da tambayar da iyaye ke yi ko akwai ruwa a bashin. Ga matan aure masu goyo, ga yaron da ya baro ƙauyensu karo na farko ya faɗo cikin birni ba uwa ba uba. Wanda ya samu horo kuma ya san iyakarsa. Ya san lokacin da damuwa ta wuce ta hira, ya tura ɗalibi wajen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Dawanau, ba tare da ya tozarta shi ba.

Sai dai ba zan ɓoye raunin wannan zaɓi ba. Guraben aikinsa kaɗan ne. Makaranta mai dubban ɗalibai tana iya samun masu ba da shawara da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma tsaninsu bai kai na magatakarda tsawo ba. Ga kuma al'adarmu ta rufa wa kai asiri. Bahaushe ya tashi da jin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, don haka ɗalibi ya fi son kai kukansa wajen limamin masallacin makaranta ko wata yayarsa da ya shiga ofishin da kowa zai gan shi. Mai wannan aiki sai ya fita ya nemi ɗalibai, ya yi magana a taron maraba da sababbi, ya ƙulla zumunci da shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da na ɗakunan kwana. Wanda yake son ya zauna a kawo masa aiki zai yini shi kaɗai.

Duka M.Ed ɗin biyu suna da sharaɗi guda: sai kana da digirin farko a fannin ilimi, ko ka fara yin PGDE, wato babbar difloma ta koyarwa. Mai digirin kimiyyar siyasa ko tattalin arziki ya ƙara wannan shekarar a lissafinsa. Ba asara ba ce, domin PGDE tana buɗe ƙofar rajista da hukumar malamai ta TRCN, wato idan ta kama mutum yana iya komawa aji.

Wannan sharaɗin ne ke kora mutane da yawa zuwa ƙofa ta uku. MPPA da MBA ba sa tambayar ko ka karanta ilimi, an tsara su don ma'aikata, kuma sun fi saurin ƙarewa. A Bayero akwai makarantar koyon kasuwanci ta Ɗangote ga mai son MBA. Ga wanda aikinsa ya shafi kuɗi, ko sayen kaya, ko sashen ma'aikata, zaɓi ne mai ma'ana, haka ma wanda ya riga ya yi nisa a aiki yana neman takardar da za ta cike masa sharaɗin ƙarin girma. Amma a nan ne tarkon da ya fi kama mutane yake. Digirin ma'aikata daban, digirin bincike daban. A yawancin jami'o'inmu ba a wucewa kai tsaye daga na farko zuwa digirin digirgir, kuma ba a cika ɗaukar mai shi aikin koyarwa ba. Na biyun shi ke kai mutum can, muddin ya fita da maki mai kyau, galibi 3.50 cikin 5.00 zuwa sama. Mutum yana iya cewa shi ba ruwansa da zama dakta, amma ra'ayi yana sauyawa idan aka kai matakin da abokan takara duk suna da shi. Mai shekara talatin da 'yan kai, ina ba shi shawarar kada ya rufe wa kansa wannan ƙofar don gudun wahalar kundi.

Sai maganar inda za a yi karatun. Bayero tana da tsohuwar tsangayar ilimi, da malaman da za ka gani ido da ido, da ɗakin karatu, da abokan aji waɗanda gobe za ka same su a ma'aikatu da hukumomi. Wannan sanayyar kanta jari ce. Kuɗin da za ka biya a kai shi ne lokaci. Wanda yake aiki a Hotoro ko Bompai kuma lakcarsa tana sabuwar jami'a a titin Gwarzo ya san abin da cunkoson Kabuga yake yi wa yammacinsa. Ga yajin aiki: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya kuma tsayar da masu digiri na biyu kamar yadda ya tsayar da kowa. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda ke da cibiya a Sauna ta wajen Dakata, ba ta shiga wannan yajin, kuma tana barin mutum ya tsara lokacinsa. Ga mace mai aiki da yara, ko ma'aikacin da ba za a ba shi hutun karatu ba, wannan babban sauƙi ne. Amma zan bambanta. Fannin gudanarwa yana karantuwa daga littafi da kwamfuta, musamman ga wanda kullum yana cikin ofis yana ganin abin a aikace. Ba da shawara kuwa yana son wanda zai kalle ka kana yi ya ce maka ka cika katse mutane, ko fuskarka tana nuna ƙyama. Wanda zai yi shi daga nesa, lallai ya nemi gogaggen mai sana'ar a nan gari ya laƙe masa.

Fita waje kuma fa? Wanda ya samu dama ya tafi, zai ga yadda ake ɗaukar kula da ɗalibi da muhimmanci. A Amurka irin wannan digiri yakan ɗauki shekara biyu, kuma da yawan ɗalibansa suna aiki a ɗakunan kwana ko ofisoshin jami'ar a rage musu kuɗin makaranta. A Ingila shekara ɗaya ce, ga tallafin Chevening wanda ke neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu da alƙawarin komawa gida. Amma a sani, tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, an gina shi ne don malamai masu koyarwa, ma'aikacin gudanarwa kada ya ɗora lissafinsa a kai. Kuma dokokin da za a koya maka a can nasu ne. Ka dawo sai ka sake zama ka koyi namu, a kuma ɗora ka a matakin da tsarin aiki ya tanada, ba wanda takardarka ta cancanta a idonka ba.

Idan matashi ya zo mini bai riga ya tsayar da teburin da yake so ba, ina karkata shi ne zuwa jagoranci da ba da shawara, na bincike ba na ma'aikata ba. Dalilina shi ne aikin ofishin magatakarda ana koyonsa a hannun manya. Za ka rubuta bayanan taro, muƙaddashin magatakarda ya jan maka layi da jan biro, ka sake rubutawa, kuskurenka ya tsaya a takarda. Ga tarukan horo na ANUPA, ƙungiyar jami'an gudanarwa na jami'o'i, ga na NIM, ƙungiyar masana gudanarwa ta ƙasa, ga cibiyar tsare-tsaren ilimi ta NIEPA da ke Ondo. Amma babu wanda zai jan maka layi idan ka faɗa wa yaron da ke tunanin kashe kansa maganar da ba ta dace ba. Sannan mai wannan digiri yana iya aiki a ofishin magatakarda ba tare da wani ya hana shi ba, alhali mai digirin gudanarwa ba zai zauna a kujerar mai ba da shawara ba. Wanda kuwa ya riga ya kai babban mataimakin magatakarda, yana jin daɗin doka da tsari, burinsa kujerar ƙoli, to gudanarwa da tsare-tsare ne nasa, kada ya ɓata lokaci yana waige.

Kafin sayen fom, a je sashen kula da ma'aikata a nemi kundin tsarin aiki, a karanta da ido abin da ya ce game da matakin da ake hari, domin abin da wata makaranta ta karɓa wata ba ta karɓa. A nemi izinin karatu a rubuce, ko da kwas ɗin na ƙarshen mako ne, saboda takardar da aka samo ba da izini ba tana iya zama ba a lissafa ta wajen ƙarin girma. A tambayi waɗanda suka gama kwanan nan a sashen da ake so, shekara nawa kundinsu ya ɗauka, kuma ɗalibai nawa ke hannun mai duba aiki guda. Takardar sakamakon digirin farko kuma a fara nemanta tun kafin a buɗe sayar da fom, musamman idan daga wata jiha za a aiko ta, domin makarantar nazarin digiri na biyu ba ta kammala duba fayil sai ta iso.